Mun fara watandar hatsi a layinmu, ni na gaji, ga wasu kuma na neman shiga

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara na zo nema, labarin kuma da ɗan tsawo, sai ku yi haƙuri da ni.

Ni malamar firamare ce a nan cikin Kano. A layinmu mun daɗe muna watanda duk ƙaramar sallah: a haɗa kuɗi, maza su tafi Wudil ran Juma'a su sayo sa, a yanka a kasa, kowa ya ɗauki kashinsa. To da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, kun dai san yadda abinci ya koma. Kwanon masarar da kika auno da safe, in kika sake aiken yaro da yamma sai ya dawo da kuɗin a hannu, wai sai an ciko. Ran nan muna zaune a tsakar gidan maƙwabciyata tana tsince wake, sai ta ɗago kai ta ce, "Wai ni Malama, nama kaɗai aka halatta wa watanda ne?" Muka yi dariya, amma maganar ta zauna min a rai.

Da kakar shekarar, gida 11 muka haɗa kuɗi. Ina da kawu a wani ƙauye wajen Tudun Wada, shi ya haɗa mu da manoma 4 da ya yarda da su. Muka sayi masara da dawa da wake a hannunsu, mota ɗaya ta kwaso, muka jibge a wani shago da ke jikin gidanmu da ba kowa a ciki. Da gangan muka ƙi raba buhunan nan take. Mu mata mun san halin buhu in ya shiga gida: dangi su gani su zo da ƙwarya, maigida in ya matsu ya ɗebi kwano 10 ya kai kasuwa, kafin azumi sai ki ga gindin buhu. Sai muka ce duk Asabar ɗin ƙarshen wata kowacce ta aiko yaro da bokiti, a auna mata rabonta, a rubuta a littafi.

Shekarar farko kamar mun yi duba. Farkon 2024 hatsi ya yi tashin gwauron zabo, mu kuwa muna ta cin na farashin kaka. Abu ɗaya ne ya tayar min da hankali. Da hukumar yaƙi da cin hanci ta jiha ta rufe wasu rumbunan ajiya a Dawanau cikin watan Fabrairu bisa zargin ɓoye abinci, wani mai shago a layinmu ya riƙa tsokanata, wai saura shagon Malama. Wasa yake yi, amma daren nan ban yi barcin kirki ba.

Kakar 2024 muka zama gida 27, kuma nan abin ya fara kwaɓewa. Mun saya da tsada muna sa ran zai ƙara hawa kamar bara, sai cikin 2025 farashi ya yi ta sauka har ya koma ƙasa da yadda muka saya. Mace ta zo awo, ta tsaya bakin shago ta riƙe ƙugu tana ce min, "Malama, a kasuwa fa yanzu ya fi wannan sauƙi," sai ka ce ni na saukar da shi. Biyu suka ce a ba su kuɗinsu, sun fasa. Ga wake buhu 3 ƙwari sun shiga, ki tura hannu ki fito da shi duk gari. Ga masara buhu 2 da ba ta gama bushewa ba, ta yi funfuna daga ƙasa. Har yau ba a daddale wanda zai ɗauki asarar nan ba.

Kuma komai ni ce. Littafi ni, mukulli ni, awo ni, kiran kawu ni da katina, rarrashin mai fushi ni. In dawo daga makaranta ko hijabi ban cire ba za a yi sallama, "wai a zo a buɗe, Mama ba ta samu aikowa ran Asabar ba." Baban yara ya ce gidansa ya koma Dawanau.

Yanzu ga kaka ta uku ta ƙarato. Duk da wannan rigimar, matan unguwa biyu da wasu malaman makarantarmu sun matsa sai an sa su, in na karɓa za mu haura gida 60. Manoman kuma sun aiko kawu, wai baɗi in muna so su riƙa ware mana namu, mu ba su kuɗi tun farkon damina su sayi taki, da kaka su biya mu da buhu. Ban san ko hakan ya halatta ba, ban kuma san ko ba jefa kuɗin mutane a rijiya zan yi ba. Ba na son abin ya mutu, don na ga gidajen da ya rufa wa asiri. Amma a yadda ake tafiyar nan, ran da na kwanta ciwo shi ke nan.

Ɗan Layin Masara:

Wa alaikumus salam Malama. Ni a Dawanau nake neman abincina, shekara 20 da ɗoriya ina dillancin hatsi, wato ni ne mutumin da kuka haɗa kai don ku tsallake. Ban ji haushi ba. Sai dai akwai abin da ba ki lura ba: kin zama dillaliya, la'ada ce kawai ba kya karɓa.

Mutane na ganin mu 'yan tsakiya zaune muke a benci muna cin kuɗin banza. Akwai azzalumai a cikinmu, ban musa ba. Amma daga gona zuwa tukunya akwai aiki. Sai wani ya je ƙauye ya duba kaya, ya biya 'yan dako, ya biya mota, ya sha tsayuwa a shingayen hanya, ya ajiye, in kaya ya lalace ya haɗiye. Korar dillali ba ta kore wannan aikin, kan wani yake komawa, kuma kanki ya koma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ki tara su ki ce daga bana kowane buhu akwai kuɗin ɗawainiya a kansa, a faɗa tun kafin a saya. Kashi ɗaya na mai riƙe shago, ko ke ko wata, kashi ɗaya a ajiye don ranar asara. Da kun yi haka bara, da buhu 5 ɗin nan ba su zama abin gaba ba.

Wajen saye, kada kunyar kawu ta hana ki dubawa. Tura hannu can tsakiyar buhu ki ɗebo, ki ciji ƙwaya. In ta fashe ƙaras ta bushe, in haƙori ya nutse a bar ta ta ƙara shan rana. In kina kokwanto, zuba 'yar kaɗan a busasshiyar kwalba da busasshen gishiri ki girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar akwai sauran laima. Masarar da ta yi funfuna kuwa kada a ce a wanke a ci, akwai guba a cikinta mai taɓa hanta. Buhu kada ya taɓa siminti, a sa katako a ƙasa, a bar tazara da bango. Sannan ku sayi sikeli. Kowa zai ce miki buhunsa mai kwano 40 ne, amma kwano suna ya tara.

Faɗuwar farashi ba ku kaɗai ta buga ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 kan shigo da masara da shinkafa da alkama da wake, kaya suka shigo, waɗanda suka cika sito suna jiran tsada suka wayi gari da asara. Na san waɗanda har yau ba su miƙe ba. Ni da zan ba ki shawara, na wata 6 za ku saya, sauran kuɗin ku riƙe ku ga inda kasuwa ta dosa. Kuma kada ki ɗauka kullum ƙauye ya fi araha. Akwai makon da in kin haɗa kuɗin mota, gara ki zo nan.

Hajiya ta Maraɗi:

Malama ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Abin da kike ba da labari mun gan shi da idonmu a nan, suna ne kawai ya bambanta, mu bankin cimaka muke cewa. Tun da daɗewa akwai su, amma bayan yunwar 2005, wadda fari da fara na daminar 2004 suka jawo, ƙungiyoyin agaji sun ƙara gina su a ƙauyuka da yawa. A zuba hatsi da kaka, in damina ta faɗi rumbu ya yi fayau ga noma ana yi, a sayar wa 'yan gari da rahusa. Yau in kin zaga, da yawa magazar, wato ɗakin ajiyar hatsin, na nan tsaye amma ko tiya ɗaya babu, awaki ne ke kwance a inuwarta.

Na garin mahaifina bashi ya kashe shi. Mai riƙe mabuɗi mutumin kirki ne, kirkin nasa ma shi ya jawo. Ɗan uwa ya zo da dare ya ce yara ba su ci ba, a ba shi tiya 5 sai kaka. Wa zai iya hanawa? Kaka ta zo ba a biya ba, ba wanda ke iya kai ƙarar ɗan uwansa. Ga shi kuma don tausayi ana sayarwa ƙasa ƙwarai, kuɗin da aka tara ba ya sake cika magazar. Shekara 3 aka share ta. Mutane kuma cewa suke hatsin furoje ne, wato na ƙungiyar agaji, ba na kowa ba. Ku naku ya fi wannan, tunda gumin kowa na ciki.

Abin da ya rayu a wajenmu shi ne na mata. Kin taɓa jin Mata Masu Dubara? Ƙungiyar CARE ta faro shi a nan jihar Maraɗi a 1991. Ba a kawo mana kuɗin kowa ba, namu muke zubawa duk mako. A ƙungiyarmu akwatin na hannun mace ɗaya, kwaɗo 3 ne a jikinsa, mabuɗan na hannun wasu mata 3 daban. Ba a buɗewa sai a gaban kowa, a kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ba don ana zargin kowa ba ne. Don in ɗan uwanki ya zo da dare ki iya ce masa wallahi ni kaɗai ba na iya buɗewa, kuma gaskiya kika faɗa. Yaron da ke miki sallama kina dawowa lakkol, in shagon na da kwaɗo biyu ɗaya na gidan wata, da kansa zai koyi zuwa ran Asabar.

Maganar gida 60, kada ki yarda. Mu in mun kai wajen 30 ba ma ƙarawa, don daga nan ba kowa ya san kowa ba, wadda ba ki san mijinta da ɗakinta ba kuwa ba ta jin kunyarki. Abin bai bazu a Nijar don ƙungiya ɗaya ta kumbura ba. Matan da suka iya ne ke zuwa wani gari su koya wa wasu, sabbin su riƙa ba mai koyarwar ɗan abin sabulu daga aljihunsu, in sun iya ta bar su. Ki ce kowace unguwa ta turo mata 2 su bi ki kakar nan, su ga saye, su ga awo, su ga rubutu. Su nemi shagonsu da littafinsu. Mota kaɗai za ku haɗa, don nan ne yawa ke da amfani.

Wake kuma ku nemi buhun PICS, mai leda 2 a ciki da buhu a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, kuma da masu bincikenmu na INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar, aka yi ta gwajinsa a nan. Ki duba ledar ba huji, ki matse iska, ki ɗaure kowace leda daban. Ƙwarin rashin iska ke kashe su, ba sai an zuba fiya-fiya a abin da yara za su ci ba. Sharaɗinsa ɗaya, ba a yawan buɗewa. In kun buɗe buhu ku rabe shi ranar.

Almajirin Zaure:

Malama, Allah ya saka da alheri. Zan taɓa wajen hukunci kawai, sauran masu sana'ar sun fi ni sani.

Abin da manoman suka nema shi ne malamai ke kira salam, a biya kuɗi yanzu a karɓi kaya daga baya, kuma ya halatta. Hadisin Ibn Abbas na cikin Bukhari da Muslim: Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar suna irin wannan ciniki a kan 'ya'yan itace, sai ya yi umarni a yi shi da sanannen awo, sanannen nauyi, zuwa sanannen lokaci. Don haka a ambaci irin masarar, fara ce ko ja, kilo nawa a buhu, wane wata za a kawo, a ina za a miƙa. Kuɗin a bayar da shi duka a wajen ƙulla cinikin. Kada kuma a ɗaura shi a kan gona kaza, a ce masarar gonarka ta bakin rafi. A wuyan manomi yake, in tasa ba ta yi ba ya nemo irinta. In ya gagara gaba ɗaya, ko ku jira shi ko ku karɓi kuɗinku yadda kuka bayar, ba ƙari. A rubuta, a sa shaidu, kamar yadda aya ta 282 a Baƙara ta yi umarni.

Sai dai ki kula. A ƙauyukanmu da wannan hanyar ake cutar manoma, a ba mutum kuɗin rabin buhu cikin Yuni yana cikin matsi, a karɓi cikakke da kaka. In haka za ku yi, kun zama abin da kuke gudu.

Tsokanar mai shago kuma kada ta dame ki. Ɓoyon da aka hana shi ne na mai saye ya danne don ya yi tsada ya sayar. Tanadin abincin iyali daban ne, ya tabbata Annabi (SAW) yana ajiye wa iyalansa abincin shekara.

Gaskiya Ɗaci:

Hajiya ki mayar wa kowa kuɗinsa ki huta. Harkar kuɗi da maƙwabta ƙarshenta ofishin Hisba. Ran da aka ci riba ba wanda ya kawo miki ko goro, ran asara kuwa kin ga yadda suka yi.

Ɗalibi a Liyon:

Anti, ina karatu a Faransa, kuma ina cikin irin wannan a nan, suna kiransa AMAP. An fara shi a 2001 a garin Obanyi kusa da Marsai. Gidaje ne ke ƙulla yarjejeniya da manomi ɗaya, na wata 6 ko shekara, a biya tun farko, duk mako ya kawo kayan lambu a raba. Namu ran Laraba da yamma ake yi a harabar wata makaranta. Akwai takarda da kowa ke rubuta ranar da zai tsaya rabo, ni ma sau biyu na tsaya ina auna dankali cikin sanyi. Ba a roƙon kowa, yana cikin sharaɗin shiga.

Inda muka saɓa da bayanin Malam, a nan gonar mutum ɗaya ce, in ƙanƙara ta ɓata masa amfani kwandon kowa ya ragu, ba mai cewa a biya shi. Ban ce ku kwafa ba, ga hukunci an faɗa. Abin da nake so ki duba shi ne dalilin da ya sa ba sa gudu in kanti ya fi araha. Sun san mutumin. Ana zuwa gonarsa a taya shi aiki, an san 'ya'yansa. Matanki 27, nawa ne suka taɓa ganin manoman nan 4? In araha kaɗai ta tara su, araha ce za ta watsa su. Su ma nan in jerin masu jira ya yi tsawo sabuwa ake buɗewa da wani manomin, har kalmar da suke amfani da ita ta rabuwar ƙudan zuma ce in amya ta cika.

Maman 'Yan Biyu:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na yi shiru ne don sai jiya muka samu zama, gida 22 suka zo.

Alhaji na Dawanau, na karanta musu maganarka ta la'ada, aka yi tsit, sai maƙwabciyar nan tawa mai tsintar wake ta ce ai gaskiya ne, kunya ce ta hana su faɗa. An yarda da kuɗin ɗawainiya, an yarda da sikeli. Buhu 5 na bara an raba asarar a kan kowa daidai yawan abin da ya zuba, mace ɗaya ta tashi ta fita, ba mu bi ta ba. Hajiya, an sayo kwaɗo na biyu tun a daren, mukullin na gidan wata mai ɗinki a ƙarshen layi, littafi kuma ya koma hannun wata 'yar NCE da ta fi ni iya lissafi. Na miƙa mata shi hannuna na rawa, ban san na saba da shi haka ba.

Matan unguwa biyun sun yarda su turo mutum biyu-biyu. Malaman makarantarmu ne suka ji haushi, wai na ƙi su. Su so suke su turo kuɗi ta waya a kai musu buhu gida, ba zama ba awo. Na ce wannan ai shago ne, ga su nan birjik a gari.

Ƙanina na Faransa, maganarka ta zuwa gona na kawo ta, aka yi min dariya, wai wane mijin ne zai bar matarsa ta tafi Tudun Wada kallon masara. Kuma ka yi haƙuri, mu nan araha ba ƙaramin abu ba ce, wadda albashin mijinta ba ya kai 20 ga wata ba za ka ce mata ta daure don zumunci ba. Amma an tsayar maza 3 za su bi motar bana, su ci tuwo da manoman, su gan su ido da ido.

Salam ɗin ne ba mu gama ba. Gida 9 sun yarda a gwada da manomi ɗaya baɗi, buhu 10 kawai, sauran sun ce sai sun gani. Malam, inda muka maƙale shi ne farashi. In mun yanka shi cikin Yuni ya zo ya faɗi da kaka kamar bana, mata za su ce na sake jawo musu. In ya tashi, manomin zai ga mun cuce shi, ya kai wa wani ya ce mana ba ta yi ba. Kawu ya ce a can sun saba yanka shi a gaban liman bayan sallar Juma'a, don wanda ya yi alkawari a nan ba ya iya haɗa ido da mutane in ya saɓa. Shin ya halatta mu rubuta cewa in tazarar ta yi yawa kowane ɓangare zai ɗan sassauta wa ɗaya, ko sai dai a bar shi kyautatawa ba sharaɗi ba? Ran Alhamis kawu zai shigo gari, ina so in samu abin faɗa masa.